Ina Za a Nemi Tsoffin Maɓuɓɓugan Metan a Arewacin Nijeriya? Nazari Daga Ƙasar Dutsi Zuwa Kwarin Gongola

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake gane dutsen kabonet da iskar metan ta haifar a ƙasan teku, sannan ta auna ƙasar Dutsi da kwarin Sakkwato da na Gongola da wannan ma'auni. Ta nuna cewa yawan farar ƙasa a wuri ba hujja ba ne, kuma baƙar lakar Gongola ce ta fi cancantar a fara da ita.

Yadda dutsen ke samuwa

A 1984 Charles Paull da abokan aikinsa suka ba da rahoton maɓuɓɓuga mai sanyi a zurfin Tekun Meziko, daura da Fulorida, inda halittu ke rayuwa ba tare da hasken rana ba. A 2000 Antje Boetius da tawagarta suka nuna masu yin aikin da ke samar da dutsen: ƙwayoyin arkiya da bakteriya masu cin salfet, a dunƙule wuri guda. Arkiya na cinye metan, bakteriya na amfani da salfet ɗin ruwan teku, sai a samu baikabonet da salfaid. Baikabonet ɗin ya haɗu da kalsiyam, ya daskare ya zama aragonait, kalsait ko dolomait. Iskar ta wuce, dutsen ya saura.

Babbar shaidar tana cikin aisotof ɗin kabon. Metan na da ƙarancin kabon-13 ƙwarai, kuma dutsen da ya haifa yana gadon wannan ƙaranci. Farar ƙasar teku ta yau da kullum tana ba da δ13C, wato ma'aunin kabon-13, kusa da sifiri. Ta maɓuɓɓuga kuwa takan sauka ƙasa da -30‰. Ana ƙarfafa wannan da ragowar kitsen arkiya da ke maƙale cikin dutsen, da kuma bawon halittun teku irin su lusinid. A Kolorado ta Amurka, tuddan Tepee Buttes masu shekara kimanin miliyan 70 zuwa 76 suna tsaye ɗai-ɗai a fili kamar jinkar ɗaki, domin lakar da ke kewaye da su ta zaizaye ta bar su. A Maroko akwai waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba, irin tudun Hollard na zamanin Dibon.

Aisotof kaɗai yana iya yaudara. A 2003 an fassara kabonet ɗin Doushantuo na ƙasar Sin, mai shekara miliyan 635, a matsayin shaidar fashewar metan bayan babbar ƙanƙarar da ta taɓa lulluɓe duniya. A 2011 Thomas Bristow da abokansa suka nuna cewa sassan da suka fi ƙarancin kabon-13 sun daskare ne daga baya, cikin ruwa mai zafi.

Dutsi

Galibin Jihar Katsina na zaune kan tsohon dutsen gindi, giranit da nais, wanda ya sha matsi da zafi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. A arewacin jihar, inda Dutsi da Daura suke, yashi da laka sun lulluɓe shi a wurare, amma shimfiɗun Gundumi da na Chadi na koguna da tafki ne. Ruwan daɗi ba shi da salfet mai yawa, don haka injin da ke ƙera dutsen maɓuɓɓuga ba shi da abin ci a nan. In mai haƙa rijiya ya fito da fararen tsakuwoyi masu tafasa idan an ɗiga musu asid, mafi kusa su ne kabonet ɗin da ke taruwa cikin ƙasa saboda ƙafewar ruwa. Kabon ɗinsu daga saiwoyin tsirrai yake, kuma δ13C ɗinsu kan tsaya tsakanin -12‰ da +2‰. Suna da amfani wajen gano ko ciyawa ko itatuwa ne suka taɓa mamaye wurin, wanda bincike ne na daban.

Sakkwato da Gongola

Teku ya taɓa ratsa Sahara ya shigo kwarin Sakkwato. Shi ya bar shimfiɗar Dukamaje mai ƙasusuwan dabbar teku mosaso, da farar ƙasar Kalambaina mai shekara kusan miliyan 60 da ake haƙa don siminti, kamar yadda ake haƙar irinta a Malbaza ta Nijar. Ido zai fara zuwa Kalambaina, amma a ganin marubucin nan wannan ɓata kuɗin awo ne: farar ƙasa ce ta ruwa marar zurfi, bawon halittu ne suka tara ta. In za a duba Sakkwato, curarrun duwatsun da ke cikin lakar Dange da Dukamaje ya kamata a ɗauka.

Gongola ta fi cika sharuɗɗa. Shimfiɗunta masu kauri ne, tsagewar ƙasa ta ratsa su, lakar Pindiga da Fika ta teku ce mai ɗauke da ragowar halittu, kuma a 2019 NNPC ta sanar da samun mai da gas a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. A zurfin tekun Neja Delta kuwa ana da abin kwatance na yau, domin Germain Bayon da abokansa sun bayyana kabonet ɗin maɓuɓɓuga a can a 2007. Shawarar maƙalar ita ce a bi curarrun kabonet da ke kan layin tsagewa cikin lakar Pindiga da Fika, a fara yanka su siriri a duba a madubin ƙara girma don ware simintin farko daga na baya, sannan a kai kowane sashe awon aisotof daban.