Takardar Izinin Magana

Batagarawa a bakin birnin Katsina take, kan hanyar Dutsin-Ma, don haka hukuncin da aka yanke a fada ba ya kwana bai iso mana ba. A shekarun 1950, zamanin Sarki Usman Nagogo, En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. 'Yan doka nata ne, kotun alƙali tata ce, gidan yari nata ne, hakimi da dagaci kuma ita ke biyan su albashi. Da siyasar jam'iyyu ta shigo sai aka ƙara mata aiki guda: ba wanda zai tara jama'a ya yi lacca sai da takardar izininta.

Nan gizo ke saƙar. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ba ta da zancen da ya wuce haraji da jangali da aikin tilas da halin masu sarauta. Ke nan wanda za a soka a laccar, shi ne zai sa hannu a takardar. Wani lokaci a hana, wani lokaci a bayar amma a tura taron bayan gari. In an fara, ga ɗan doka tsaye yana saurare. Mai jawabi ya kuskura ya ambaci wani babba, sai a ce ya yi zagi, ko yana neman tayar da hankalin jama'a. Gobe yana gaban alƙali, inda doka ta hana lauya tsayawa, jibi yana gidan yari. Haka aka yi a lardunan Arewa da dama. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya kaɗai ana lissafa mata ɗauri 16.

Kakana manomi ne, bai taɓa hawa dandamali ba. Ya sha gaya mana cewa ranar lacca can gefen kasuwa yake rakuɓewa, yana taya akuyar da ba zai saya ba, kunnensa na wajen mai magana, don kada a kai sunansa gaban mai gari lokacin yanka haraji. Ba a taɓa kama shi ba. Amma a ganina irinsa ne dokar ta fi yi wa aiki, domin duk mutum ɗaya da aka ɗaure, akwai taron jama'a da suka haɗiye maganarsu.

Ba kuma zan ce 'yan NEPU masu tauraro bakin zuma gare su ba. Sun iya zambo da habaici, kuma lacca kan ƙare da sanduna tsakaninsu da 'yan jam'iyyar NPC masu fartanya. Tarzomar Kano ta watan Mayun 1953 ta nuna cewa tsoron rikici ba ƙage ba ne. Abin da ya ɓata lamarin, mudun awon biyu ne. Ɗan NPC ya ci mutuncin Malam Aminu Kano ya koma gida ya kwanta, ɗan NEPU ya faɗi rabin haka kan hakimi ya kwana a tsare.

Ana dab da samun mulkin kai, koke-koke suka kai ga hukumar bincike ta Willink, gwamnatin Sardauna kuma ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Daga nan aka samu kundin Final Kod na 1959, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. An kwaikwayo shi daga na Sudan, shi ma daga na Indiya na 1860, wanda Turawa suka tsara don mulkin mutanen da ba su zaɓe su ba. An samu ci gaba, tunda yanzu laifi a rubuce yake. Sai dai sashe na 113 kan dagula zaman lafiya, da na 114 kan tunzura jama'a, da na 399 kan zagin da ka iya jawo faɗa, duk an bar su da faɗin da kowane mai iko zai iya cusa abokin hamayyarsa ciki.

Sojoji sun karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, amma takardar izini ba ta mutu ba, hannu ta sauya. Dokar tarukan jama'a ta 1979 ta miƙa ta ga gwamnoni da 'yan sanda. Da ita aka fake ranar 22 ga Satumba 2003 aka watsa taron ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, taron da Janar Muhammadu Buhari ya halarta. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, a Disamban 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki.

Duk da wannan hukunci, a watan Yunin 2020, lokacin da 'yan bindiga ke karkashe mutane a ƙauyukan Batsari da Faskari, matasa suka yi zanga-zangar lumana a birnin Katsina, aka kama jagoranta Nastura Ashir Sharif aka tsare shi a Abuja. A shekarar dai aka kama wasu mutum uku, har da dattijo ɗan shekara 70, bisa zargin zagin shugaban ƙasa da gwamna a wani bidiyo. Ban goyi bayan zagi ba. Ba tarbiyyarmu ba ce, addini ma ya hana. Amma mutumin da aka kore wa shanu ko aka kashe wa ɗa, in harshensa ya zarce, hankalin gari bai tashi saboda shi ba, ya riga ya tashi tun daren da aka shigo ƙauyensu. Wanda ya ce a je a ƙona gidan wane, wannan a kama shi, kuma sashe na 45 na tsarin mulkin 1999 ya ba da damar haka. Mai kuka da shugaba kuwa, sashe na 39 dominsa aka rubuta shi.

Yau dandalin lacca ya koma cikin waya. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na kwalejojin da ke kan hanyarmu ba su neman takardar kowa kafin su yi rubutu a Facebook, sai dai akwai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 yana jiran su. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye haƙƙin magana, aka yi masa gyara a 2024, aka cire batun ɓata wa mutum rai da cin fuska. An bar laifin yaɗa ƙarya da nufin wargaza doka da oda. Kafin alƙali ya tantance ko ƙaryar ce, ko akwai nufin, yaron da aka ɗauko daga ɗakin kwanan ɗalibai yana iya shafe makonni a tsare, iyayensa na yawon neman wanda zai tsaya masa beli.