Huɗai'a da Sana'ar Cin Mutunci

Masu kukan cewa zage-zage da cin mutuncin mutane a intanet bidi'a ce ta wannan zamani, da za su waiwayi littattafan adabin Larabawa, da sun tarar cewa hija'i, wato zambo, tsohuwar sana'a ce mai gwanayenta, waɗanda ƙabilu ke tsoron harshensu fiye da kaifin takobi.

A cikinsu babu kamar Huɗai'a, sha'irin da ya riski jahiliyya da Musulunci, wanda bai ƙyale mahaifiyarsa ba, bai ƙyale kansa ba, balle bare. A zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, tsakanin 634 da 644, ya yi wa Zibriƙan ɗan Badar, ɗaya daga shugabannin Banu Tamim, wani baiti mai lulluɓi, Zibriƙan kuwa ya kai ƙara Madina. Halifa ya saurara, ya ce shi bai ji zagi ba, sai dai ɗan zargi; amma da yake kowane fanni da ma'abotansa, ya aika aka kira sha'iri Hassanu ɗan Sabit, wanda ya tabbatar da cewa baitin ya wuce zagi muni. Aka tsare Huɗai'a har sai da ya yi magiya da ambaton 'ya'yansa ƙanana, kana aka sake shi, kuma an ruwaito cewa Halifa ya ba shi dirhami 3,000, ya sayi mutuncin Musulmi daga bakinsa.

Hakan bai kashe sana'ar ba. A zamanin Banu Umayya, sha'irai Jarir da Farazdaƙ, dukkansu Tamimawa, sun shafe kusan shekara 40 suna yi wa juna raddi, jama'a na cincirindo a Mirbad, kasuwar raƙuman Basra, domin mai zagi bai taɓa rasa 'yan kallo ba.

Mu ma mun san maroƙin da ke saka wa marowaci da zambo a tsakiyar biki. Sai dai shi da Huɗai'a kowa ya san sunansu da ƙofar gidansu, ana iya kai su gaban hukuma. Mai zagin intanet na yau, mai fakewa da sunan ƙarya da hoton aro, ya gaji rashin kunyarsu, bai gaji fasaharsu ko ƙarfin halinsu ba.