StarCraft: Ƙarfinsa da Rauninsa

StarCraft wasan kwamfuta ne na dabarun yaƙi wanda kamfanin Blizzard Entertainment na Amurka ya fitar ranar 31 ga Maris, 1998. Yana cikin rukunin wasannin da ɓangarori ke motsi a lokaci guda, ba kamar dara ba, inda kowa ke jira a zo kansa. Labarinsa ƙagagge ne na kimiyya, wanda ya faro a ƙarshen ƙarni na 25 a wani yanki na sararin samaniya mai suna Koprulu. A ƙarshen 1998 aka fitar da ƙarinsa, Brood War, kuma da shi ake yin manyan gasa. Mai wasa yakan tara ma'adinai da iskar gas, ya gina sansani, ya horar da mayaƙa, sannan ya rushe dukan gine-ginen abokin gaba.

Ƙarfinsa

Abin da ya fi ɗaukaka wasan shi ne jinsuna uku da ba su yi kama da juna ba. A Warcraft II, wanda kamfanin ya fitar a 1995, ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke, sai bambancin kama da tsafi. A nan kuwa Terran, wato 'yan Adam, suna da tankokin da ke kafewa wuri guda su yi harbi mai nisa, kuma wasu gine-ginensu na iya tashi sama su sake mazauni. Zerg ƙwari ne masu yawa da arha: da ma'adinai 50 ƙwai ɗaya ke ƙyanƙyashe zergling biyu, amma ma'aikacinsu kan salwanta idan ya rikiɗe ya zama gini. Protoss kaɗan ne masu tsada. Zealot guda yana cin ma'adinai 100, sai dai yana da garkuwar da ke farfaɗowa da kanta. Duk da wannan bambanci, babu jinsin da ya mallake fage har abada. Gyaran ƙarshe da ya taɓa ƙarfin mayaƙa sosai shi ne na 1.08 a 2001. Daga nan masu zana taswirorin gasa ne suka ci gaba da daidaita ma'auni, ta hanyar faɗin ƙofar sansani da nisan da ke tsakanin abokan gaba.

Wasa ta intanet a dandalin Battle.net kyauta ne, abin da ya taimaka ƙwarai a Koriya ta Kudu, inda shagunan kwamfuta suka yawaita bayan rikicin tattalin arzikin Asiya na 1997. A can wasan ya zama sana'a. Tashoshin talabijin na OnGameNet da MBCGame sun riƙa watsa gasa, aka kafa hukumar kula da gasa ta KeSPA a 2000, 'yan wasa irin su Lim Yo-hwan da Lee Young-ho suka yi suna. Labarin ma ya samu yabo, musamman abin da ya faru tsakanin biyu daga cikin jarumansa, inda Arcturus Mengsk ya ci amanar Sarah Kerrigan.

Rauninsa

Sarrafa mayaƙa na da wuya fiye da kima. Ba a iya zaɓar sama da 12 a lokaci ɗaya, alhali iyakar runduna ma'auni 200 ne. Gine-gine ma ɗaya bayan ɗaya ake danna su, kuma sabon ma'aikaci kan tsaya cirko-cirko har sai an tura shi haƙar ma'adini da hannu. Mayaƙan ba su iya neman hanya ba. Dragoon na Protoss ya fi kowa ƙaurin suna a nan: idan aka umarci goma su hau gangara mai ƙunci, na gaba ya toshe hanya, sai na baya su juya su nufi wani waje daban, wani lokaci har cikin wutar abokan gaba. Ɗaya daga cikin tushen matsalar shi ne an gina wasan a kan injin Warcraft II.

Saboda haka saurin hannu kan rinjayi kyawun dabara a tsakanin masu koyo. Ƙwararru sukan danna linzami da madannai sau 300 ko fiye a minti guda, kuma yaƙe-yaƙen da ke cikin labarin ba sa shirya sabon shiga don karawa da mutum. Fagen gasar ma bai tsira ba: a 2010 aka bankado badaƙalar sayar da wasa a Koriya ta Kudu, wadda ta rutsa da tsohon zakara Ma Jae-yoon.

Masu nazari sun rabu a kan waɗannan nakasu. Wasu na ganin kuskuren tsari ne kawai, kuma StarCraft II na 2010 ya cire iyakar 12 ɗin, ya gyara neman hanya. Wasu kuma na cewa wahalar ce ta buɗe fagen gwaninta, tunda runduna ɗaya kan yi aiki daban a hannun mutum biyu. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a wajen mai kallon gasa, ta farko kuma a wajen mai koyo. A 2017 Blizzard ya mayar da ainihin wasan kyauta, ya kuma fitar da StarCraft: Remastered da sabon hoto da sauti, amma bai taɓa iyakar 12 ko halin dragoon ba.