Yadda Aka Fara Jin Ta Bakin Maori Kafin a Zana Birnin Auckland

A shekarar 1840, lokacin da Gwamna William Hobson ke neman inda zai kafa hedikwatar mulkin Birtaniya a Niyu Zilan, ƙabilar Ngati Whatua ta Maori, 'yan asalin ƙasar, ita ce ta yi masa masauki. Ta ba shi fili mai faɗin eka kusan 3,000 a gaɓar Waitemata, kuma a nan birnin Auckland ya tsiro.

Gari na bunƙasa, ƙasar masu gida na tsukewa. Ƙauyensu na bakin tekun Okahu ma bai tsira ba. Injiniyoyi suka bi da ƙaton bututun ƙazantar birni ta gabansa, aka fara aiki da shi a 1914. Bututun ya shiga tsakaninsu da teku, ya tare hanyar ruwan sama, har ƙauyen ya riƙa komawa taɓo da zarar an yi ruwa. Abin da yake amayarwa kuma ya gurɓata inda suke samun abincinsu na teku. Ba wanda ya nemi jin ta bakinsu. A 1952 aka tashe su, aka banka wa gidajen wuta, coci da maƙabarta kaɗai aka bari.

Tura ta kai bango a watan Janairun 1977, da gwamnatin Robert Muldoon ta shirya yanka filin tudun Takaparawhau, wanda Turawa ke kira Bastion Point, don gina gidajen masu hannu da shuni. Joe Hawke na ƙabilar Ngati Whatua da jama'arsa suka hau tudun suka kafa bukkoki, suka zauna kwana 506. Ranar 25 ga Mayun 1978 'yan sanda da sojoji suka kewaye su, aka kama mutum 222. Amma zancen bai mutu ba. Kotun Waitangi, mai sauraron ƙorafin Maori, ta binciki kokensu, ta ba su gaskiya a 1987, kuma dokar 1991 ta mayar musu da filin. Yau ƙabilar da hukumar birni ne ke kula da shi tare. A 1991 ɗin ce kuma wata dokar, ta kula da albarkatun ƙasa, ta tilasta wa hukumomi duba dangantakar Maori da ƙasarsu, da ruwansu, da wurarensu masu alfarma kafin su ba da izinin aiki.

Duk da haka masu zanen gari ba su sauya hali nan take ba. Da Ma'aikatar Muhalli ta fitar da ƙa'idojin tsara birane a 2005, Maori masu wannan sana'a suka ga ba a dama da su yadda ya kamata ba. Sai suka kira taro a zauren gargajiya na Te Aranga da ke Flaxmere a watan Nuwamban 2006, suka rubuta nasu. Daga nan aka tace ƙa'idoji bakwai da Majalisar Birnin Auckland ta shigar cikin littafinta na jagoran zane. Mai zanen gine-gine Rau Hoskins na cikin waɗanda suka sha wahalar aikin.

Ta farko cikin bakwai ɗin ita ce amincewa da ikon ƙabilun da ke da wurin, kuma a ganina ita ce ginshiƙin sauran, domin tana nufin a zauna da su tun takarda na fara, ba sai an gama zane a kawo musu su sa albarka ba. Sauran sun shafi maido da sunayen asali, da dasa itatuwan ƙasar, da lafiyar ruwa, da ba masu sassaƙa da saƙa na ƙabila hannu a aikin, da kiyaye alamomin ƙasa irin su tsaunuka, da samar musu gurbin zama da sana'a a cikin birni.

Ana ganin tasirin haka a sabon layin dogo na ƙarƙashin ƙasa. Tashar tsakiyar gari ta ɗauki sunan Te Waihorotiu, rafin da aka mayar kwatami aka binne a ƙarƙashin titin Queen tun ƙarni na 19. A dandalin Te Wananga na bakin teku, wanda aka buɗe a 2021, an rataya igiyoyi cike da ƙumba masu rai a cikin ruwa don su tace shi.

Sai dai ƙa'idojin jagora ne, ba doka ba. Ayyukan gwamnati sun fi bin su, amma ɗan kasuwa mai gina bene na iya liƙa sassaƙa ɗaya a bango ya ce ya cika sharaɗi. Ga shi kuma ƙabilu 19 ne majalisar ta amince da su a yankin, kowace da tarihinta, kuma ma'aikatansu ƙalilan ne ke bin tulin zane-zanen da ake turo musu.