Daren da Teku Ya Hau Tudu a Aitape

Yau za mu haye zuwa ƙasar Papuwa Sabuwar Gini, can arewacin Ostareliya, mu ga abin da ikkilisiya ta yi a ranar masifa.

Ran Jumma'a 17 ga Yuli 1998, dab da ƙarfe 7 na yamma, ƙasa ta girgiza a gaɓar Aitape. Girgizar ta sa ƙasa ta zaftare a ƙarƙashin teku. Bayan kamar minti 20, raƙuman ruwa uku suka taso, tsayinsu ya kai mita 10 zuwa 15. Irin wannan ambaliya ita ake kira tsunami. Ƙauyukan Arop da Warapu suna zaune bisa siririn yashi, teku a gaba, tafkin Sissano a baya, ba wurin gudu. Ruwa ya share su, ya kuma ɓarnata Sissano da Malol. Fiye da mutum 2,000 suka mutu, da yawansu yara ne, kimanin 10,000 kuma suka rasa muhalli.

Wa ya fara kai agaji? Wanda yake kusa. Tun 1896 masu mishan na Katolika suka sauka a tsibirin Tumleo, daura da Aitape. Cikin shekara 100 ikkilisiya ta kafa makarantu da ɗakunan magani, ta san harshen mutane, ta san kowane ƙauye da hanyarsa. Saboda haka asibitinta na Raihu ya cika da masu rauni, jiragen sama na mishan kuma suka shiga kwasar waɗanda suka karye. Sojojin Ostareliya suka zo suka kafa asibiti a Vanimo. Raunuka da yawa sun riga sun ruɓe, har dole aka yanke wa waɗansu ƙafa ko hannu.

Bayan 'yan makonni baƙi suka koma gida. Ikkilisiya kuwa ba ta da inda za ta tafi, gama waɗanda suka mutu 'ya'yanta ne. Fada Austen Crapp, wanda ya zama bishop na Aitape a 1999, yana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin farfaɗowa. Jama'a suka ƙaura daga bakin teku suka kafa sababbin ƙauyuka a cikin ƙasa, aka gina makarantu da majami'u daga tushe.

Akwai kuma raunin da ba a gani. Jita-jita ta bazu: waɗansu suka ce sihiri ne, waɗansu suka ce hukuncin Allah ne. Mu tuna, a Luka sura 13 Ubangijinmu ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutane zunubi. Mai makoki ta'aziyya yake bukata, ba tuhuma ba.

A Arop ana fassara Littafi Mai Tsarki tun kafin ambaliyar. Aikin bai mutu ba. Waɗanda suka tsira suka buɗe ƙofa ga maƙwabtansu, har ya zama ana fassara cikin harsuna wajen 10 tare.

'Yan'uwa, mu ba mu da teku, amma mun san ruwa. Mun ga yadda dam ɗin Alau ya ɓalle ya mamaye Maiduguri a watan Satumba 2024. Ba a fara haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi. Shin ikkilisiyarmu ta san gwauraye da marayun unguwarta, Kirista da wanda ba Kirista ba? Muna da ɗan abin da muka ajiye domin ranar wahala, kamar yadda masu bi na Antakiya suka tara gudummawa domin 'yan'uwa na Yahudiya lokacin yunwa?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka sa mu zama kusa da maƙwabtanmu tun kafin masifa ta zo, mu kuma tsaya tare da su bayan kowa ya watse. Cikin sunan Yesu. Amin.