Kuɗin Likitan Ƙwaƙwalwa: Yadda Freud Ya Sauya Ra'ayi Cikin Shekara Biyar

Yau zan kai ku birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mu ji yadda aka yi ta kai ruwa rana kan tambayar da har gobe ba ta mutu ba: nawa ya kamata likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa ya karɓa, kuma ina talaka zai nufa?

Sigmund Freud, wanda ya shahara da yi wa masu damuwa magani ta hanyar zantawa, a gidansa yake ganin marasa lafiya. A 1913 ya rubuta ƙa'idojinsa ƙarara. Kowane mara lafiya yana da awa ɗaya tasa, galibi kwana shida a mako, kuma ko ya zo ko bai zo ba sai ya biya. A ganinsa, likita ya yi maganar kuɗi ba kunya, ya kuma riƙa karɓa wata-wata, kada bashi ya taru. Ya ce ya yi kusan shekara goma yana ba da awa ɗaya ko biyu kyauta kullum, sai ya ga kyautar tana ƙara wa wasu taurin kai a magani, ga kuma giɓin da take yi wa aljihun likita.

To, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo. Sojoji suka dawo da firgici, talauci ya yi katutu. A Satumban 1918, a taron Budafes, shi wannan Freud ɗin ya miƙe ya ce talaka yana da haƙƙin a kula da ƙwaƙwalwarsa kamar yadda ake yi masa tiyata, don haka a buɗe asibitocin kyauta. Shi kansa hauhawar farashi ta cinye ajiyarsa, har ya koma dogaro da Amurkawa da Ingilawa masu biyansa da kuɗin waje. Duk da haka, a 1919 ya yi wa Sergei Pankejeff, wanda juyin juya halin Rasha ya raba da dukiyarsa, magani kyauta, har yana tara masa gudummawa.

Almajiransa suka ɗauki maganar da gaske. A Fabrairun 1920 Max Eitingon da Ernst Simmel suka buɗe asibiti a Balin, kuma Eitingon ne ya zuba dukiyarsa a ciki. Tsarin mai sauƙi ne: kowa ya biya daidai ƙarfinsa, marar shi kuma a duba shi kyauta. Cikin shekara goma sun saurari mutum 1,955, an fara cikakken magani ga 721. A 1922 aka buɗe irinsa a Biyana. Bayan 'yan Nazi sun hau mulki a 1933, likitoci Yahudawa suka yi ta gudu, aikin ya lalace.

Ni dai ga abin da na fahimta. Freud na 1913 yana da gaskiya: likita ma yana da iyali da hayar ofis, kuma awar da aka ware wa wani ba ta sayuwa ga wani. Amma tarihin Balin ya nuna biya daidai ƙarfi yana yiwuwa, in dai akwai mai ɗaukar nauyin giɓin. A Najeriya, inda yawancin mutane daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti, wanda tsada ta kora ba warkewa ya yi ba, gida ya koma da ciwonsa.

Saboda haka in ka je wurin likita mai zaman kansa, tambayi kuɗin tun farko, da hukuncin ranar da ka fasa zuwa, da ko akwai rangwame. Ba rashin kunya ba ne. Ku kuma masu hannu da shuni, wa zai zama Eitingon ɗinmu? Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.