Tsarin koyarwa a kwalejojin Nijar daga 1960 zuwa yau: abin da ya iso yankin Safo

1. Gabatarwa

Duk wanda ya bi tarihin ilimin boko a ƙasar Nijar zai lura da wani abu da yake ta maimaituwa: kusan kowane babban gyara da aka yi wa tsarin koyarwa daga ajin farko na lakwal yake farawa, kuma ƙarfinsa yakan ƙare kafin ya kai ƙofar kwaleji. Da kwaleji muna nufin CEG, watau shekaru huɗu na karatu daga aji 6e zuwa 3e, waɗanda jarrabawar birbe, BEPC, take rufewa. A cikin wannan takarda za mu bi sawun wannan al'amari, mu duba abin da aka tsara a koyar, da wanda aka ɗora wa koyarwar, da kuma irin tallafin da malami da ɗalibi suka samu ko suka rasa.

Mun ɗauki yankin Safo a matsayin ma'auni. Safo ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, cikin kwarin Gulbin Maraɗi, ba nisa da iyakar Najeriya. Mutanenta Hausawa ne, manoman hatsi da dawa da kayan lambu na fadama, masu hulɗar kasuwanci da Maraɗi da Jibiya da Katsina. Tana kusa da babban birni, amma rayuwarta ta ƙauye ce. Saboda haka ta dace da tambayarmu: in an zartar da tsari a Yamai, me yake isa hannun yaron ƙauye da malaminsa?

2. Gadon Faransa

Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Makarantun gaba da firamare kuwa ƴan kaɗan ne, a manyan birane. Tsarin da aka gada na Faransa ne ɗungurungum: shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise, sa'an nan jarrabawar bak. Littattafai daga Faransa suke zuwa, yawancin malaman kwaleji da lise Faransawa ne ko ƴan ƙasashen gaɓar teku irin su Dahome da Togo. Manufar tsarin ita ce a tace ƴan ƙalilan da za su riƙe ofisoshin sabuwar gwamnati, kuma ya biya wannan bukata.

Tun a wancan lokaci an sami masu suka. A 1964 Abdou Moumouni, masanin kimiyya wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique, inda ya nemi a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin samar da abinci da sana'a. A 1966 taron masana da Unesco ta shirya a Bamako ya daidaita haruffan rubuta wasu harsuna, ciki har da Hausa. Amma sabon abin da gwamnati ta fi zuba wa ƙarfi a shekarun nan shi ne koyarwa ta talabijin, wadda aka fara a 1964 da taimakon Faransa. Da Faransanci ake yin ta, kuma a firamare ta tsaya.

A Maraɗi abin da aka sauya shi ne sunayen makarantu. An sa wa lise sunan Ɗan Baskore, sarkin Katsinar Maraɗi na ƙarni na 19, an sa wa lisen fasaha sunan Ɗan Kasawa, wanda sarautar Maraɗi ta kafu a hannunsa bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Katsina. Yaron Safo da ya kai wannan matsayi yana shiga makaranta mai sunan sarkin kakanninsa, amma tarihin wannan sarki, in ya ci karo da shi cikin aji, da Faransanci zai ji shi.

3. Makarantun gwaji da taron Damagaram

A 1973, zamanin da Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan Maraɗi, yake ministan ilimi, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, mai koyarwa da Hausa da Faransanci. A 1974 aka kafa INDRAP, cibiyar da aka ɗora wa rubuta tsare-tsaren koyarwa da littattafai. Gwamnatin soja ta Seyni Kountché, wadda ta karɓi mulki a watan Afrilu na wannan shekara, ta ci gaba da gwajin, aka faɗaɗa shi zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Ka'idar ita ce yaro ya yi shekarun farko yana koyon karatu da rubutu da lissafi cikin harshen gidansu, Faransanci ya shigo a matsayin darasi, daga baya ya karɓi koyarwa a azuzuwan ƙarshe.

Gwajin ya yi nasara ta fuskar koyo. Binciken Mart Hovens da aka buga a 2002 ya nuna cewa ɗaliban waɗannan makarantu sun fi takwarorinsu iya karatu, har ma da Faransanci. Duk da haka makarantun ba su wuce wajen arba'in ba a duk faɗin ƙasa, suka shekara fiye da ashirin ana kiransu na gwaji. A ganinmu babban dalili shi ne ba a taɓa jarrabawa ba. Jarrabawar shiga 6e da Faransanci ake yin ta, birbe da bak ma haka. Uba a ƙauye ya san cewa hanyar aikin albashi ta kwaleji take bi, kwaleji kuwa ba ta tambayar ɗansa Hausa. Ba jahilci ba ne in ya yi ɗari-ɗari da makarantar gwaji: ya karanta tsarin daidai.

Taron muhawara kan makaranta da aka yi a Damagaram a 1982 ya sake jaddada a kusantar da lakwal ga rayuwar jama'a. Sakamakon da aka gani a fili shi ne sabon tsarin koyarwa na firamare a ƙarshen shekarun 1980, wanda ya ba da wuri ga ayyukan hannu da na noma, APP. Kwaleji ta ci gaba da darussanta: Faransanci, lissafi, kimiyya, tarihi da labarin ƙasa, Ingilishi. An ƙara tarihin Afirka da na Nijar cikin darasin tarihi, wannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Amma harshen koyarwa da siffar jarrabawa ba su motsa ba.

4. Shekarun tsuke bakin aljihu

Tsarin koyarwa takarda ce, malami ne yake mai da ita darasi. A shekarun da kuɗin yuraniyom yake shigowa, ƙarshen shekarun 1970, gwamnati ta iya horar da malaman kwaleji a babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Yamai, ta ɗauke su aiki na dindindin, ta raba littattafai da kayan rubutu. Yaron karkara da ya ci jarrabawa sai ya bar gida zuwa Maraɗi ko wani babban gari mai kwaleji, ya zauna a makarantar kwana ko a gidan mai masauki, gwamnati tana ba da ɗan kuɗin tallafi. Tsarin yana ɗaukar kaɗan, amma wanda ya ɗauka yana riƙe shi.

Faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980 ta kai ƙasar hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Sharuɗɗan bashin sun nemi a fifita firamare, a rage abin da ake kashewa kan ɗaliban kwaleji da lise da jami'a. A kan irin waɗannan matakai ne ƙungiyar ɗalibai ta USN ta fito zanga-zanga ran 9 ga Fabrairu 1990, jami'an tsaro suka yi harbi a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka mutu. Bayan taron ƙasa na 1991 ba a sami sauƙi ba: bashin albashi ya taru, yajin aikin malamai da na ɗalibai ya yawaita, har aka yi shekarun karatu da aka soke gaba ɗaya. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka kuɗin littafin da ake shigowa da shi daga waje.

Dokar LOSEN ta 1 ga Yunin 1998 ta zo cikin wannan hali. Ta kasa ilimin tushe gida biyu, ta mai da kwaleji mataki na biyu na ilimin tushe. Ta ce a mataki na farko harshen gida ne harshen koyarwa, a na biyu kuwa Faransanci ne, harshen ƙasa ya zama darasi. Ke nan doka ta buɗe wa Hausa ƙofar kwaleji. A 1999 aka fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na hukuma, a 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa guda goma. Sai dai darasi ba ya tsayuwa sai da malamin da aka horar, da littafi, da sa'o'i cikin jadawali, da maki a jarrabawa, waɗannan kuwa ba su biyo bayan dokar ba. A daidai lokacin ne ma aka koma ɗaukar malaman sa-kai, daga baya malaman kwantaragi, tare da matasan da suka gama jami'a suna yi wa ƙasa hidima. Da yawansu sun shiga aji ba tare da horon koyarwa ba.

5. Kwaleji ta iso karkara

Shirin shekara goma na raya ilimi, PDDE, wanda ya fara a 2003, ya cika azuzuwan firamare da yara. Ƙananan hukumomi irin su Safo, waɗanda suka sami zaɓaɓɓun majalisu a 2004, sun shiga neman a kawo musu kwaleji kusa. Aka buɗe kwalejojin karkara da yawa a faɗin ƙasa, sau da dama cikin rumfunan zana. A zamanin shugaba Issoufou Mahamadou aka soke jarrabawar sartifika, CFEPD, ƙofar 6e ta ƙara faɗi, kafin a maido da jarrabawar a 2024.

Alherin wannan a bayyane yake, musamman ga ƴan mata, waɗanda iyaye ba sa yarda su tura gidan wani a birni. Amma matsalar ta sauya wuri ne. Yaro yana iso 6e bai ƙware da Faransanci ba, sai ya tarar da malamai da yawa maimakon ɗaya, kowa yana shifta darasinsa cikin harshen da yaron bai mallaka ba. Shi ya sa 6e ta zama ajin da aka fi maimaitawa, aka fi kora. Malami Bahaushe yakan juya bayani zuwa Hausa don a gane, amma a ɓoye yake yi, ba tare da kalmomin fannu da aka daidaita ba, kuma ba wanda ya koya masa yadda ake haɗa harsuna biyu cikin darasi ɗaya.

An yi shirye-shiryen tallafi. Akwai rukunonin malaman darasi ɗaya, UP, inda ake haɗuwa a shirya darussa tare, da masu ba da shawara kan koyarwa da sufetoci. Daga 2006 shirin SMASSE, da taimakon hukumar JICA ta Japan bisa samfurin Kenya, ya ba malaman lissafi da kimiyya horo a bakin aiki. An kafa kwamitocin iyaye da malamai masu kula da makaranta, COGES. Dokar Disamban 2017 ta tanadi kare karatun yarinya, gwamnatin Bazoum Mohamed kuma ta fara gina wa ƴan matan kwaleji gidajen kwana, na farko a Kelle cikin jihar Damagaram. Kowane ɗayansu yana da amfani. Rauninsu ɗaya ne: rukunin UP yana aiki ne inda malaman darasi ɗaya suke da yawa, a kwalejin ƙauye kuwa sau da yawa malamin lissafi shi kaɗai ne, yana haɗawa da kimiyya; shirin da ya dogara da kuɗin waje kuma yakan tsaya ranar da kuɗin ya ƙare. Shi ma sabon tsarin koyarwa da aka fara gwadawa a 2015 cikin harsunan ƙasa daga ajin CI ya soma, kamar na 1973.

6. Kammalawa

Kwatanci mafi kusa yana ƙetaren iyaka. A Najeriya manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta sa harsunan ƙasa cikin darussan sakandare, ana kuma rubuta Hausa a jarrabawar WAEC. Wannan ya jawo horon malaman Hausa a kwalejojin ilimi da jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, da littattafan nahawu da adabi, da aikin ƙirƙirar kalmomin fannu. Makarantun can suna da nasu matsaloli masu yawa, kuma harshen koyarwa a sakandare Ingilishi ne. Darasin da muke ɗauka ɗaya ne tak: da jarrabawa ta nemi harshen, sai malami da littafi suka samu.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tarihin da muka bi ya nuna cewa irin wannan ayyanawa ba ta isa aji da kanta. Dokar 1998 shaida ce. In ana son ta isa yankin Safo, muna ganin abubuwa uku ne za a fara da su. Na farko, a ba harsunan ƙasa sa'o'i a kwaleji da maki a birbe, kowane yanki da harshensa, don kada gyaran ya zama ɗora Hausa a kan waɗanda ba Hausawa ba. Na biyu, a amince a fili da amfani da harshen yaro wajen bayani a 6e da 5e, a horar da malamai a kai. Na uku, sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi wadda aka kafa a 2010, su haɗa hannu da INDRAP wajen tattara kalmomin lissafi da kimiyya da labarin ƙasa, suna amfani da abin da aka riga aka yi a Kano da Zariya. Wannan na ƙarshe aikinmu ne, malamai da ɗaliban bincike, kuma ana iya fara shi da shiga azuzuwan 6e na gundumar Madarunfa a rubuta Hausar da malamai suke bayani da ita yau.